Farfaɗiya a Tasawa da Mayahi: ƴaƴanmu ya kamata su yi binciken

Yau za mu ajiye zancen farashin hatsi da na siyasa gefe, mu taɓa wata cuta da kowa ya sani amma ba a son ambatonta a tsakar gida: farfaɗiya. Ra'ayina a kanta guda ne. Aikin gano masu wannan cuta a ƙauyukanmu, da ƙidaya su, da bin lafiyarsu, ɗalibai da malaman makarantunmu na jihar Maraɗi ya kamata su riƙe shi, kuma ta wannan aikin ne makarantun nan za su koyi bincike na gaske.

Mu fara da lissafi. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma kusan kashi 80 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ta ce har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba in an gano cutar kuma an ba su maganin da ya dace. Amma a ƙasashe matalauta, uku cikin huɗu ba sa samun maganin. A ƙiyasin hukumar, cikin kowane mutum 1,000 akwai 4 zuwa 10 masu farfaɗiyar da ke bukatar magani. To, ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna gundumar Tasawa ta haura rabin miliyan, Mayahi ma haka. Ku haɗa su, ku buga lissafi: mutum 4,000 zuwa 10,000 ke nan, tun a wancan lokaci, kuma kowa ya san yadda muka ƙaru daga 2012 zuwa yau.

Ina mutanen nan suke? Rajistar CSI tana rubuta wanda ya zo ne kawai. Wanda aka ɓoye a ƙuryar ɗaki, da wadda aka cire daga lakwal, da wanda aka yi ta yawo da shi daga wannan mai magani zuwa wancan har kuɗi suka ƙare, babu su a takarda. Kuma abin da babu shi a takarda ba a ware masa kuɗi a Yamai, ba a yi masa odar magani.

Mi ke kawo ta? Farfaɗiya rikicewa ce ta ɗan lantarkin da ƙwaƙwalwa ke aiki da shi. Sau da yawa tabo ne da wata cuta ko wani rauni ya bari a ƙwaƙwalwa. Ku dubi abubuwan da ke barin irin wannan tabo: masassarar cizon sauro mai hawa kai, sanƙarau, doguwar naƙuda da jariri ya fito bai yi kuka da wuri ba, da buguwar kai a haɗarin moto. Wanne ne baƙo a wurinmu? Manya suna tune da sanƙarau na 1996, na baya-bayan nan kuma suna tune da na 2015. Kowace damina CSI cike take da yara masu masassara. Kabu-kabu nawa ke sa hular kwano tsakanin Tasawa da Mai Jirgi? Shi ya sa OMS ta ce wajen kashi ɗaya cikin huɗu na farfaɗiya ana iya kauce masa.

Wahalar ba ta tsaya ga faɗuwar ba. Mace tana tuƙa tuwo ta faɗa wuta. Yaro ya je ɗibar ruwa a rijiya, kuma kun san zurfin rijiyoyin ƙasar Mayahi. Wani tabki ya ci shi da damina. Sai ƙyamar jama'a: a ware wa mutum kwanonsa, a fasa aure, a ce kada yara su taka yawunsa. Ƴan uwa, farfaɗiya ba a ɗaukarta. Ba ta bi ta yawu, ba ta bi ta numfashi, ba ta bi ta kwanon tuwo. Wannan gudun da ake yi in mutum ya faɗi, shi ke barin shi cikin wuta har ya ƙone. Kuma kada mu ce jahilcin ƙauye ne. Likitocinmu na Nijar sun yi wa malaman makaranta tambayoyi a Yamai da Tawa a kan wannan cuta, sun kuma tarar da irin waɗannan camfe-camfe a bakin masu koyarwa da yawa.

To, mi ya sa nake cewa binciken gano farfaɗiya ya dace da makarantunmu? Saboda yadda ake gano ta. Mutane suna zaton sai da babbar na'ura. Gaskiya akwai na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa, wadda ake kira EEG, da wani likitan Jamus, Hans Berger, ya fara gwadawa a kan ɗan Adam a 1924. Tana taimakawa ƙwarai. Amma mutum yana iya kasancewa da farfaɗiya, a auna shi ranar da yake lafiya, awon ya fito ba komai. Babban abin da likita ke dogara da shi shi ne labarin wanda ya gani da idonsa: yaya ta fara, ya sandare ne ko ya yi jijjiga, idonsa a buɗe ko a rufe, ya ciji harshe, ya saki fitsari, minti nawa, yaya ya farfaɗo. A ƙa'ida, in mutum ya faɗi sau biyu, da tazarar fiye da awa 24, ba tare da zazzaɓi ko wani sanadi na nan take ba, nan ake fara maganar farfaɗiya.

Wa zai iya karɓo wannan labari daga bakin tsohuwa a Urafan ko Kanambakashe? Wanda ya tashi cikin harshen. Takardar tambaya da aka rubuta da Faransanci tana cewa "crise", shi ke nan. Mu kuwa muna da farfaɗiya, muna da jijjiga, muna da suma, muna da "ya ɗauke", muna da "iska ta taɓa shi", kuma ba abu ɗaya ba ne. Jijjigar ƙaramin yaro mai zafin jiki daban. Jijjigar mai ciki, wadda hawan jini ke kawowa, daban, kuma gaggawa ce ta mutuwa da rayuwa. Faɗuwar ƴan mata a kwaleji da lise, wadda aka sa wa suna "génie tchatcheur", ita ma daban, ko da yake cikin waɗanda ke faɗuwar ana iya samun mai farfaɗiya ta gaske da ba wanda ya lura da ita. Akwai kuma wadda ba a faɗuwa sam: yaro yana cikin aji sai ya ƙura ido na ƴan daƙiƙoƙi, bai ji ba bai gani ba, ya dawo kamar ba abin da ya faru. Mushe ya zane shi don ya raina shi, alhali cuta ce. Rarrabe waɗannan aiki ne na kunne da harshe da haƙuri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A Amurka, tun 2018 aka amince da wani agogon hannu mai gane jijjigar farfaɗiya ya aika saƙo ga dangi. Madalla da su. Amma agogon nan yana son kuɗi, yana son caji, yana son intanet. Mu abin da ke hannunmu ya fi shi araha: salula mai kamara. Bidiyon minti ɗaya da ɗan uwa ya ɗauka lokacin da abin ke faruwa yana gaya wa likita abin da dogon bayani ba zai gaya masa ba. Shin iyalai za su yarda a ɗauka? Shin majo na CSI zai iya gane farfaɗiya daga bidiyo daidai da yadda ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa zai gane? Wace hanya za a aika shi ba tare da ya faɗa gurup na WhatsApp ba? Kowace ɗaya daga cikin tambayoyin nan tez ce ta dokta, kuma amsarta a Tasawa take, ba a Paris ba.

Kada wani ya ce mafarki nake. Wasu sun yi. A Limoges ta Faransa an daɗe da tsara takardar tambayoyi ta gano farfaɗiya gida-gida a ƙasashe masu zafi, an yi amfani da ita a ƙasashen Afirka da dama. A 2013 an wallafa wani babban bincike da aka bi gida-gida a wurare biyar: Kilifi a Kenya, Agincourt a Afirka ta Kudu, Iganga-Mayuge a Yuganda, Ifakara a Tanzaniya da Kintampo a Gana. Ba manyan birane ba ne, yankunan karkara ne da aka kafa wa tsarin bibiyar jama'a. A Konakiri ta Gine an gwada EEG mai haɗuwa da salula, ana aika awon ga ƙwararru a wasu ƙasashe su karanta. Mafi kusa da mu, a Kano da Zariya da Kaduna, shirin BRIDGE, wanda asibitin koyarwa na Aminu Kano da jami'ar Vanderbilt ta Amurka ke ciki, ya horar da ƙananan ma'aikatan lafiya su gano farfaɗiyar yara su kuma kula da ita, da tambayoyin tantancewa cikin Hausa. Harshenmu ne, ƴan uwanmu ne, kuma daga Tasawa zuwa Kano ba ta kai nisan Yamai ba.

Mu dawo gida. Jihar Maraɗi ta riga ta nuna cewa ana iya yin bincike na ƙoli a ƙauyukanta. A Madarumfa aka gwada rigakafin gudawar yara mai suna Rotasiil, wanda ke jure zafi. An fara a 2014, da jarirai fiye da 3,500, ƙarƙashin MSF da cibiyarta ta bincike Epicentre tare da ma'aikatar lafiya. Sakamakon ya fito a 2017, ya nuna kariya ta wajen kashi 67 cikin 100 daga gudawa mai tsanani irin wadda ƙwayar rota ke kawowa, kuma OMS ta amince da rigakafin a 2018. Su wa suka bi gidaje, suka auna yara, suka cika takardu? Ƴaƴan yankin nan ne. Wannan abin alfahari ne. Sai dai akwai bambanci tsakanin iya cika takarda da iya tsara tambayar da ke kan takardar. Na farko aikin ƙwadago ne mai ƙarewa da ƙarewar proje. Na biyu shi ne gadon da ke zama a jami'a, malami ya miƙa wa ɗalibi.

Jami'ar muna da ita. An kafa jami'ar Maraɗi a 2010, tana ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, masanin kimiyya ɗan garin, kuma tana da tsangayar koyon aikin likita. Akwai makarantun horar da inhirmiye da ungozomomi, akwai ENSP a Damagaram, akwai cibiyar bincike ta CERMES a Yamai. Kowace shekara ɗalibai suna rubuta memwar da tez. Da yawa daga cikin ayyukan nan bin tsofaffin dosiye ne na babban asibiti, a yi sutnans, a yi hoto da riga, a ci walima, littafin ya shiga armuwar ya sha ƙura. Ba laifin ɗaliban ba ne. Wanda ba shi da kuɗin mota zuwa ƙauye, dole ya yi bincike inda ƙafarsa za ta kai shi. Amma sakamakon shi ne iliminmu na cutar ya tsaya ga waɗanda suka iya kai kansu birni.

Ga yadda nake ganin za a iya somawa, ba tare da jiran miliyoyi ba.

Na ɗaya, a zaɓi komin biyu kacal, ɗaya a Tasawa ɗaya a Mayahi. Misali Korgom da Sarkin Hausa, ko waɗanda likitocin gunduma suka ga sun fi dacewa.

Na biyu, malaman likitanci su zauna da masana harshen Hausa, da majo-majo na CSI, da iyaye mata, a gyara tambayoyin tantancewa da Hausar nan tamu. A gwada su a kan mutanen da likita ya riga ya tabbatar suna da cutar da waɗanda ba su da ita, a ga nawa tambayoyin ke kamawa, nawa ke kuɓuce musu. Wannan kaɗai bincike ne da ya cancanci wallafawa.

Na uku, ɗalibai masu zuwa istaj su bi gida-gida tare da rele na ƙauyuka, waɗanda ke raba maganin rigakafin masassara na yara da damina. Mutanen nan sun san kowace ƙofa, kuma an yarda da su.

Na huɗu, duk wanda tambayoyin suka kama, likita ya gan shi ya tabbatar, a sa shi kan magani, a bi shi wata-wata har shekara: sau nawa ya faɗi, ya samu maganin ko ya yanke, mi ya hana shi zuwa.

Na biyar, bayanan su zauna a kwamfutar jami'ar Maraɗi, ɗalibanmu su koyi lissafa su da kansu, sunayen malamanmu su zo a gaba in an wallafa. Sannan a koma ƙauyen a faɗa wa mutane abin da aka samu, da Hausa, a ƙofar mai gari da kuma ta rediyo. Abokan hulɗa na waje muna maraba da su, su kawo horo da na'ura. Amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na san abin da wasu za su ce: yara na mutuwa da masassara da tamowa, kai kana zancen farfaɗiya? Maganarku tana da nauyi. Amma ku duba, yaron da ya tsira daga masassara mai hawa kai, wani lokaci shi ne mai farfaɗiyar gobe. Ƙidaya masu farfaɗiya hanya ce ta sanin abin da masassara da sanƙarau da wahalar haihuwa suka bari a baya. Kuma ɗalibar da ta koyi tsara tambaya, da zaɓen gidaje ba son kai, da tsare bayanai, da rubuta rahoto a kan farfaɗiya, gobe za ta yi amfani da wannan ilimi a kan tamowa, hawan jini, sikila ko ciwon suga. Hannun da ya iya saƙa ba ya tambayar launin zare.

Wasu za su ce ina kuɗi. Mafi yawan abin da ake bukata man moto ne, da abincin ɗalibai, da takardu, da magani. Maganin kuwa ba sabo ba ne: fenobarbital, wanda muka fi sani da Gardénal, tun 1912 ake amfani da shi, kuma OMS ta ce ana iya kula da mai farfaɗiya da abin da bai wuce dalar Amurka 5 ba a shekara, wato wajen jika uku. Ƙofar neman tallafi ma a buɗe take, domin a watan Mayu na 2022 ƙasashen duniya suka amince da wani shiri na shekara goma, 2022 zuwa 2031, a kan farfaɗiya da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa. Amma mai zuwa neman tallafi da alƙaluman da ya tattara da kansa ya fi mai zuwa da kuka kawai.

Sai dai akwai sharuɗɗa uku da in babu su, gara a bari. Na farko, magani. Zalunci ne ka shiga gidan mutum, ka tono abin da ya ɓoye shekara goma, ka rubuta, ka tafi ka bar shi ba ƙwaya ko ɗaya. Ya fi muni a fara ba shi magani ya yanke, domin tsayar da maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya tayar da jijjiga mai tsanani. Kafin ɗalibi na farko ya ƙwanƙwasa ƙofa, a tabbatar farmasin CSI yana da maganin na shekara. Kuma likita ne ke zaɓen magani, ba mai tebur a kasuwa ba. Wani maganin, kamar Dépakine, yana da haɗari ga ɗan da ke ciki, don haka mace mai shekarun haihuwa tana bukatar shawarar likita ta musamman.

Na biyu, sirri. A garuruwanmu kalma ɗaya tana iya kashe auren yarinya. Ba suna a takardar da za ta yi yawo, ba bidiyo a salular ɗalibi, ba tara mutane a dandali a ce masu farfaɗiya su fito. Kowane bincike ya bi ta kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, kowane iyali a yi musu bayani da Hausa, kuma wanda ya ce a'a, a bar shi da mutuncinsa.

Na uku, girmama malamai da masu maganin gargajiya. Wurinsu ake fara zuwa, kowa ya sani. In aka zo da raini, za su rufe ƙofa, jama'a su bi su. In aka zauna da su aka ce: Malam, ka ci gaba da addu'arka, amma wanda ka ga yana faɗuwa haka da haka ka turo shi likita, to an samu abokan aiki a kowane ƙauye. Addu'a ba ta hana shan magani.

Kafin duk wannan ya tabbata, ga abin da kowa zai iya yi daga yau. In mutum ya faɗi a gabanka, kada ka gudu. Janye shi daga wuta, ruwa ko hanya. Sa masa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai. Kada ka danne shi, kada ka cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada ka ɗura masa ruwa ko jiƙo. In jijjigar ta lafa, juya shi ya kwanta a gefe guda don yawu ya fita, ka tsaya da shi har ya dawo hayyacinsa. Duba agogo: in ta wuce minti biyar, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko mai ciki ce, ko ya ji rauni, a garzaya likita.

Kirana ga shugabannin jami'ar Maraɗi da na makarantun kiwon lafiya: ku ba ɗalibai biyu ko uku wannan batu a bana. Ga likitocin gundumar Tasawa da Mayahi: ku buɗe musu ƙofa. Ga hukumomin komin: ku sa ɗan layin man moto da magani a kasafinku. Ga iyayenmu sarakuna da masu gari: kalmarku ɗaya ta isa a karɓi ɗaliban nan da ruwan sha. Ga ƴan uwa na ci-rani masu haɗa kuɗin gina masallaci da rijiya, Allah ya saka, ku tuna jika uku na iya tsare wani daga faɗawa rijiyar. Mu kuma ƴan rediyo, kowace Litinin ta biyu a watan Fabrairu ita ce ranar farfaɗiya ta duniya. Mu gayyato likita da malami su zauna tebur ɗaya, mu buɗe layi.

Ku faɗi ra'ayinku, musamman ɗalibai da ma'aikatan lafiya na karkara, ku da kuka fi mu sanin inda takalmin ke matsi. Roƙona ɗaya: kada kowa ya ambaci sunan marar lafiya ko gidansu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a karatun ƴaƴanmu. Amin.